Daga Kano zuwa gindin Kufena, don duban tsakiyar taurarinmu

Bayan la'asar motarmu ta bar Kano, muka bi ta Kwanar Dangora ruwa na ta tsuga, bai ɗauke ba sai da muka iso Kwangila a Zariya. A nan Kawu ya tarbe ni, tsohon malamin kimiyya ne da ya yi ritaya a Samaru. Ya sayi dafaffiyar gyaɗa a hannun wata yarinya, ya ce in hau mashin, Wusasa muka nufa. Watan Agusta ne, kuma a cewarsa daren da ruwa ya wanke sama ba a wasa da shi.

Bayan isha'i muka tsaya a gindin dutsen Kufena, nesa da fitilun gari. Ya juya ni kudu. Wani farin layi kamar hayaƙi ya ratsa sama, ya yi kauri a wuri guda, da baƙaƙen tsage-tsage a cikinsa.

"Ɗana, can ne tsakiyar gungun taurarinmu, wanda ranarmu da duniyarmu ke cikinsa," in ji shi. "Haskensa sai ya yi tafiyar shekara kusan 26,000 kafin ya iso nan."

Na ce, "Kawu, to wannan baƙin fa, babu taurari ne a wurin?"

Ya ce taurari maƙil suke, ƙurar sararin samaniya ce ta tare su. Ƙwayoyinta ƙanana ne ƙwarai, suna tare hasken da idonmu ke gani, amma hasken infirared, wanda ido ba ya gani, mai dogon zango, yana ratsa su ya wuce. Shi ya sa masana suka koma kallo da shi. Madubin hangen nesa na Spitzer, wanda Amurka ta harba a 2003, ya ƙara tabbatar da cewa tsakiyar a miƙe take, ba dunƙulalliya ba. Daga 2010 kuma madubin VISTA da ke Paranal a hamadar ƙasar Chile ya yi ta ɗaukar yankin, har a 2024 aka fitar da taswira mai abubuwa sama da biliyan 1.5.

Abin da ya fi kama ni shi ne yadda ake gane zurfi, tunda daga cikin gungun muke kallo, babu wanda ya taɓa fita ya hango shi. Akwai wasu jajayen taurari da ƙarfin haskensu kusan ɗaya ne, don haka wanda ya fi dusashewa shi ya fi nisa. Da su aka auna. Kawu ya ɗago gyaɗa mai ƙwaya biyu ya haska ta da tocila, ya kwantar da ita a tafin hannunsa: kumburi nan, kumburi can, ƙugu a matse. Ya ce haka tsakiyar take in an kalle ta daga gefe.

Sauro ya kore mu wajen ƙarfe goma. A hanya, yana kauce wa kududdufai, ya ci gaba da magana. Da infirared ɗin nan Reinhard Genzel da Andrea Ghez suka bi sawun taurarin da ke zagaya baƙin ramin da ke can tsakiya, wato wani abu da ko haske ba ya kuɓuce wa janyowarsa, mai nauyin rana sau kusan miliyan 4, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2020. Ɗaya daga cikin taurarin, S2, shekara 16 yake yi kafin ya kammala zagaye, kuma a 2018 ne ya yi wa baƙin ramin kusantarsa ta baya-bayan nan.

"Sai 2034 ke nan," ya ce da muka shigo Samaru. "Ka taya ni addu'a Allah ya nuna mini."

Na ce, "Amin, Kawu."