Nas ɗin unguwarmu da maganar ƙanjamau

Jiya a gidan suna nan Agege aka tada wata magana da har yanzu take cina a rai. Wai an ga wata nas ta wani ɗan asibitin kuɗi na unguwarmu a layin karɓar maganin ƙanjamau, shikenan fa mata suka ɗauka, kowa na rantsuwa ita da asibitin nan har abada. Gwaggona har da tafa hannu, "yo ke 'yar nan ai sai ta faɗa mana kafin ta tsira mana allura!" Nace Gwaggo ita wadda ta ganta ɗin me ya kaita layin? Aka yi tsit.

Ni dai wallahi ban ga abun faɗa ba. Allura, ƙarin ruwa, awon ciki, ta ina jininta zai shiga naki, ga safar hannu ga sabuwar allura ana ɓarewa a gabanki? Inda maganar take da nauyi tiyata ce, hannun likita na can cikin jiki riƙe da abu mai kaifi baya ma ganin yatsunsa, to ko a wannan ma, a Ingila tun 2014 suka ɗage haramcin da ya hana masu ƙanjamau yin tiyata, in dai mutum na shan magani kuma ana auna jininsa duk wata 3 ana ganin ƙwayar ta kwanta. Eh na sani, wajen 1990 anyi wani likitan haƙori a Amurka da aka danganta shi da kamuwar mutum 6, amma lokacin ina irin maganin yanzu?

Likitan da ke duba nas ɗin shi ya kamata ya sani, ba zauren mata ba. In kuma tsautsayi yasa jininta ya taɓa ciwon wani to nan kam dole a faɗa, a fara maganin kariya kafin awa 72.

Kuma mun san abunda faɗar ke jawowa, a Legas ɗin nan aka kori wata nas, Georgiana Ahamefule, daga aiki a 1995 saboda tana da ƙanjamau, sai 2012 kotu ta bata gaskiya, shekara 17 fa! Yanzu dai akwai dokar 2014 da ta hana irin wannan wariyar.

Abun dariyar, da safiyar sunan nan ina kallo wanzami ya zaro aska daga zabira ya goga a tafin hannu ya hau kan jaririn, Gwaggo ce ma ta riƙe masa shi, ba wanda ya tambaya kan wa ta fara bi.