Ɗanyen pabe da asarar da ya jawo mini a garejin gida

Garejin gidana a Damagaram rumfar kwano ce a bayan ƙofar shigowa, tsawonsa mita 6, faɗinsa mita 4, kuma shekara da shekaru ƙasa ce kawai a cikinsa: da hunturu ƙura, da damina taɓo. Lokacin da na yanke shawarar gyara shi, ban zaɓi pabe don ado ba, wato bulon nan na siminti mai shiga juna da mutanen Kano ke ce wa intalok. Bututun famfon gidan ta ƙarƙashin garejin ya bi, kuma na ga yadda maƙwabcina ya sa aka farfasa daɓen kankare da guduma saboda yoyo ƙwaya ɗaya, alhali pabe ana iya ɗaga shi a gyara bututu a mayar da shi yadda yake. Tayil irin na ɗaki bai ma shiga lissafi ba, domin yana santsi idan mai ya zuba kuma yana tsagewa a ƙarƙashin jak. Akwai kuma na roba mai maƙale juna da ake gani a intanet, amma shi sai an fara zuba kankare shimfiɗaɗɗe kafin a ɗora shi, aiki biyu ke nan, kuma roba tana buɗewa idan ta sha zafi, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafinmu yana wuce digiri 40.

Aikin ƙasa ya tafi daidai, don haka ba zan daɗe a kansa ba. Mason da na ɗauko dattijo ne da ya san aikinsa. Ya haƙe wurin kimanin santimita 25, ya zuba marmara santimita 15 kashi biyu, kowane kashi ya yayyafa masa ruwa ya bi shi da injin daɓe da muka ɗauko haya, sannan ya shimfiɗa yashi mai kaushi santimita 4 ya daidaita shi da katako. Ya ba wurin gangare na santimita 2 a kowace mita zuwa wajen titi, kuma a kan wannan ban yi masa gardama ba ko kaɗan, domin duk wanda ya ga damina ta 2024, wadda a cikinta tsohon masallacin Birni ya rushe a farkon watan Satumba, ya san ba a wasa da hanyar ruwa a garin nan ko da ruwan shekara bai taka kara ya karya ba. Gefuna kuma ya kafa musu bulon iyaka da kwaɓaɓɓen siminti, saboda idan babu abin da ya riƙe gefe, tayar mota tana tura pabe a hankali har layuka su buɗe.

Inda abin ya lalace shi ne wajen sayen paben kansa. Na so mai kaurin santimita 8, tunda wani lokaci ƙanena yakan shigo da motarsa ta ɗaukar kaya, mai santimita 6 kuwa ya fi dacewa da tsakar gida da ƙananan motoci. Irin mai lanƙwashe-lanƙwashe na zaɓa, wanda kusan guda 40 ke rufe murabba'in mita ɗaya, wato da ƙarin abin da za a yanka a gefe ina bukatar kusan guda 1000. Na zaga wurin masu bugawa, na tarar da wani da kayansa ke ƙyalli, gefunansu tsaf, launin ja ya hau sosai, farashinsa kuma ya ɗan fi na sauran sauƙi. Na tambaye shi yaushe aka buga su, ya ce mini: "Alhaji, waɗannan ai sun bushe ƙarau, ko yau ka ɗora musu tifa." Maganarsa gaskiya ce ta wani gefen, sun bushe ɗin, kuma bushewar ce ta cuce ni.

Siminti ba bushewa ke ba shi ƙarfi ba. Haɗuwarsa da ruwa ce ke sa shi ƙanƙamewa, kuma wannan haɗuwa tana ci gaba ne muddin akwai danshi a jikinsa. Shi ya sa ma'aunin da injiniyoyi ke amfani da shi kwana 28 ne, kuma a kwana 7 na farko, idan ana shayar da shi yadda ya kamata, yake samun kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa. Idan aka fito da bulo daga cikin mazubi aka shanya shi a ranar bazara ba tare da ruwa ba, danshin yana tashi kafin simintin ya gama aikinsa, kuma ƙarfin da ya rasa ba ya dawowa yadda ya kamata. To, ni a tsakiyar bazara na yi sayayyata, lokacin da famfo ke yin kwanaki bai kawo ba a unguwanni da yawa, jarkar 'yan ga-ruwa kuma ta yi tsada. Ƙarancin ruwa a Damagaram ba sabon abu ba ne, gari ne da ke zaune a kan dutse, ruwansa daga nesa ake jawo shi, daga wurare irin su Gogo Macaya da Arunguza da Ganaram. Mai buga pabe da ke sayen ruwa jarka-jarka, a ina kuke tsammani zai fara tsimi? Ruwan kwaɓi dole ne, amma ruwan shayarwa na safe da yamma babu mai ganinsa, kuma shi ne farkon abin da ake yankewa.

Maso ya nuna alamar shakka tun ranar da aka sauke kayan. Ya ɗauki guda biyu ya gwara su, ya kasa kunne, ya sake gwarawa, sannan ya ce: "Alhaji, muryarsu ba ta fita." Pabe mai ƙwari idan aka gwara shi da ɗan'uwansa ƙara yake yi siririya mai tsawo, waɗannan kuwa wani dum-dum suke yi a dakushe. Ya ɗauko ƙusa ya karta bayan guda ɗaya, sai ga yashi yana zubowa a tafin hannunsa. Amma kaya sun riga sun sauka, an biya, an kuma biya mai kura, kuma fuskarsu ta sama tana da santsi da tauri har ƙusar ba ta kama ta sosai ba. Muka ce a shimfiɗa a gani.

Shimfiɗar ta yi kyau ƙwarai, kuma wannan ma yana cikin abin da ke ba ni haushi har yanzu. Ya jera su a karkace suna cin juna, ba layi miƙaƙƙe da hanyar taya ba, domin jerin karkace ya fi jure turin mota. Ya share busasshen rairayi mai laushi cikin tsagogin, ya bi da injin daɓe, ya ƙara rairayi har suka cika. Maƙwabta suka riƙa leƙowa suna sa albarka. Ba a yi nisa ba, tun kafin ruwan farko ya sauka, sai na lura da jan gari a daidai inda nake murɗa sitiyari motar tana tsaye kafin in fita da baya. Gefunan paben wurin sun fara guntulewa. Daga nan sai layi biyu da tayoyi ke bi suka fara tsagewa, kuma da na sa sukundireba na ɗago guda ɗaya, a hannuna ya rabe biyu, cikinsa fari-fari yana marmashewa kamar busasshen alkaki. Fatar sama ce kawai mai ƙwari, kaurinta bai kai na ɗan yatsa ba, ita ce aka zuba wa siminti da launi sosai don ta ja idon mai saye.

Na koma wurin mai kayan da gutsattsarin a cikin buhu. Ya karɓe ni da fara'a, ya ce motata ce ta yi nauyi, ya ce wataƙila mason ne ya matsa injin da yawa, ya ce komai ban da maganar ruwa. A ƙarshe ya yi mini tayin rangwame idan zan sake saye a wurinsa. Ban ɗaga murya ba, domin akwai sanayya tsakanin iyayenmu, amma ban sake taka wurin ba.

A karo na biyu na bi wata hanya dabam, kuma ita nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni. Ban tambayi kowa ko kayansa sun bushe ba. Na je da sassafe ba tare da sanarwa ba, na duba ko ƙasan da aka jera paben a jiƙe take, ko akwai tanki ko rijiya a wurin, ko an rufe sababbin bugu da buhuna ko leda a inuwa. Na sayi guda uku a kowane wuri na kai gida, na gwara, na karta bayansu da ƙusa, na ɗiga musu ruwa in ga wanda zai shanye nan take, sannan na fasa ɗaya da guduma don in ga ko akwai tsakuwa a cikinsa ko yashi ne zalla. Wanda na amince da shi na biya rabin kuɗi aka buga mini nawa, aka kawo su gida bayan mako guda, ni da yara muka ci gaba da shayar da su a inuwar bango har suka cika kwana 28. Kuɗin ruwan da na kashe a kan haka bai kai ko kusa da kuɗin maso na biyu ba, balle na paben da na zubar. Wanda yake da halin jira, ya bari sai ƙarshen damina ko farkon sanyi, lokacin da ruwa ya wadata kuma rana ba ta cin siminti da sauri.

Abu ɗaya da ya rage mini zafi shi ne ba a taɓa marmarar ƙasa da bulon iyaka ba. An ɗaga na saman, an sake daidaita yashi, an jera sababbi. Ban canja duka ba, domin aljihu bai ba da dama ba: tsofaffin da ke jikin bango inda taya ba ta zuwa na bar su, shi ya sa garejin yanzu launi biyu ne, tsakiya toka-toka, gefe ja mai kodewa. Sababbin ban sa a zuba musu launi ba, na ce a mayar da kuɗin launin cikin siminti. Na kuma ajiye guda 30 a bayan ɗakin ajiya, saboda pabe yana shan baƙin mai kuma wanki ba ya fitar da shi duka, don haka wanda ya ɓaci a ƙarƙashin inji cire shi nake yi in sa wani. Jajayen gefen sun ci gaba da guntulewa ko da ƙafa ce kawai ke taka su, kuma bayan girbi in Allah ya yarda su ma za su fita.