Abin da gwajin awa 2 ya nuna mini game da matasa masu ƙiba

Gwajin suga na safe, wanda ake yi kafin a karya kumallo, yana iya fitowa lafiya lau ga yaro ɗan shekara 14 alhali ciwon suga ya fara yi masa aiki a ɓoye. Aiki da matasa masu ƙiba ne ya koya mini wannan, shi ya sa nake ganin girman gwajin shan gulukos, wato wani nau'in suga, duk da wahalarsa.

Yaro zai kwana bai ci komai ba, aƙalla awa 8. A ɗebi jininsa, a dama masa gulukos a ruwa, giram 1.75 kan kowane kilo na nauyinsa, kada a wuce giram 75, ya shanye cikin minti 5. Zaƙin yana tayar da zuciya. Za ka ga yaro ya runtse ido yana haɗiya da ƙyar, in kuwa ya yi amai, sai a sake wata rana. Daga nan ya zauna wuri ɗaya awa 2, a sake ɗiban jini. In suga ya kai 200 mg/dL, ya shiga layin ciwon suga. Tsakanin 140 da 199 kuwa, jiki ya fara gazawa. Wasu iyaye kan hana yaro abinci mai sitaci ana gobe gwaji don sakamako ya yi kyau, amma hakan ɓata shi yake yi. Ana so ya ci abincinsa yadda ya saba kwana 3 kafin ranar.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne sakamakon insulin, sinadarin da jiki ke samarwa don saukar da suga a jini. Sau da yawa yana da yawa a jinin waɗannan yara, amma suga bai sauka ba. Kitse, musamman na ciki, yana sa tsoka da hanta su daina jin kiran insulin, balaga kuma ta ƙara tsananta abin. Sai ƙwayoyin beta na pankiriyas, masu samar da insulin a cikin ciki, su ninka aiki don cike giɓin, kamar mai ɗiban ruwa yana zubawa a tulu mai yoyo. Muddin suna iyawa, suga yana zaune daidai. Abin da ke fara lalacewa shi ne fitowar insulin da sauri da zarar suga ya shiga jini, don haka na bayan cin abinci yakan riga na safe hauhawa.

Fata ma tana ba da labarin cewa jiki ya daina jin insulin. Bayan wuya da hammata su yi baƙi da kauri, da laushi in ka shafa. Uwa ta yi ta dirzawa da soso, tana yi wa yaro faɗan ƙazanta. Nakan ce, “Mama, wannan ba dauɗa ba ce, ku bari a gwada shi.”

Kuma ciwon yana gudu a jikin matashi fiye da na babba. A binciken TODAY da aka yi a Amurka, wanda aka fitar a 2012, kusan rabin yaran da ke shan ƙwayar maganin suga ta metformin kaɗai maganin ya kasa riƙe musu suga. Wannan ya sa ba na yarda a ce wa iyaye kawai “ya rage ƙiba” a sallame su ba tare da an sa ranar dawowa ba. Ƙiba ma ba ta isa hujjar cewa ciwon suga nau'i na 2 ne ba, wato wanda jiki ke daina jin insulin, domin yaro mai jiki yana iya kamuwa da nau'i na 1, wanda jiki ke daina samar da insulin. Sai an duba ko garkuwar jikinsa ce ke kai wa ƙwayoyin beta hari, tunda in haka ne allurar insulin ba ta jira.