Turi ba tare da kebul ba

Shagona yana Mabera, a cikin Sakkwato, kuma sana'ata turi ce. Karatun Alƙur'ani, tafsiri, wa'azi, waƙoƙi, duk abin da mutum ya zo nema sai in zuba masa a waya, ko memori, ko 'yar na'urar sauraro. Da kwamfuta ɗaya da tarin kebul na fara, kuma kebul ɗin nan shi ya fi cin raina. Idan hunturu ya kama, ƙura ta toshe bakin caji, sai ka soka kwamfuta ta ƙi ganin na'urar. Ka hura, ka sa tsinke, ka karkata kan kebul, mai kaya kuwa yana tsaye yana hararar ka kamar kai ka ɓata masa.

Wata tsohuwar rauta da na saya ta hannu ce ta raba ni da wannan wahala. Ba layi a cikinta, ba data. Mutanenmu da yawa sun ɗauka Wi-Fi da intanet abu ɗaya ne, alhali aikin rauta na asali shi ne ta haɗa na'urorin da ke kusa da ita su ga juna. Daga kwamfutata zuwa na'urar mai kaya, fayil bai fita daga shagon ba, balle kamfanin waya ya ci kuɗinsa.

Dabarar ma ta daɗe. Microsoft ya sa ta a na'urarsa ta sauraro, Zune, tun 2007, Apple kuma ya biyo baya a 2011 da fitowar iOS 5. Zune ta daɗe da mutuwa, iPod touch, na'urar sauraro ta Apple, ma an daina ƙera shi a 2022, amma har yau yana hannun dattawa, musamman waɗanda ba sa son kira ya katse musu karatu.

Irinsu ne wani Alhaji a Arkilla da ya aiko a ɗauke ni ana saura kwana uku azumi. Ɗansa yana tara masa tafsiri a kwamfutar gida, amma kullum sai an nemi kebul an rasa. Na haɗa iPod ɗin da kebul sau ɗaya, don ba makawa sai an yi hakan da farko, na buɗe iTunes, manhajar Apple ta turi a kwamfuta, na danna wurin da ke ba shi izinin ɗaukar kaya ta Wi-Fi, na zare. Shiru, kwamfuta ba ta gan shi ba. Na fi rabin awa ina zufa kafin na gano kwamfutar tana kan MiFi na gidan, shi kuwa iPod ɗin ya maƙale a hotspot ɗin wayar yaron. Ina mayar da su kan hanya ɗaya sai ga sunansa ya fito.

Alhaji ya leƙo ya ce, "Yaro, wanga abu ba shi shanye mani data?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, ko an cire layin ma zai yi."

Bai yarda ba sai da na cire ya gani da idonsa. Yanzu da dare ya sa shi a caji, muddin kwamfuta na kunne iTunes na buɗe, da asuba zai tarar da sabon karatu. Sai dai in an ɗauke wuta tsakar dare, nan kam ba laifina.

Abu guda nake jan kunnen yarana a kai. iPod da kwamfuta ɗaya yake ɗaura aure. Ka kai shi wata, za ta tambaye ka ko ta goge abin da ke ciki ta zuba nata. Ina sabon shiga na taɓa danna amincewa ban karanta ba, na share wa wani malami karatun da ya yi shekaru yana tarawa, wasu ma daga kaset aka juyo su. Sati biyu ina yawon nema masa, rabi kawai na samo. Tun daga ranar, duk iPod da ya shigo shagona sai na kwafe abin da ke ciki a wani faifai kafin in taɓa komai, ko da mai shi yana cewa sauri yake yi.