Tsohuwar Land Cruiser a garejin Agege

Yau na tarar da wata tsohuwar Land Cruiser a wani gareji a Agege, fenti ya koɗe, yaran gareji suna cewa sai dai a sayar wa 'yan gwangwan. Na ce musu kai yara, ba ku san ta ba ne.

Irinta ce ta kai mu Bilma daga Agadas, ta cikin hamadar Tenere. Babu kwalta, babu gidan mai, sai jarkokin ruwa da na gas ɗaure a sama. Da mun shiga rairayi mai laushi, direbanmu, wani Buzu marar yawan magana, sai ya rage iskar tayoyi don su baje. In ta kafe, kowa ya sauko, a tona da shebur, a cusa farantin ƙarfe ƙarƙashin taya, a tura. Bel ɗin fanka ya tsinke, ya canza shi kafin shayi ya tafasa.

Ya nuna mana inda bishiyar Tenere take a da. Ita kaɗai ce a duk faɗin filin nan, amma sai da wani direban babbar mota ya buge ta a 1973. Yanzu ta ƙarfe aka kafa a wurin, ta asalin tana gidan tarihi a Yamai.