Kafin ka sa hannu a jakin mandolin

Mandolin ɗan ƙaramin abin kiɗa ne mai kama da jita. Nawa na farko na hannu ne, kuma tsirkiyoyinsa sun yi tsayi daga saman wuyansa har yatsuna suka yi kanta cikin mako guda. Takwas ne, bibbiyu a jere huɗu, na ƙarfe kuma a ɗame, don haka ɗan ƙarin tsayi kaɗan ma sai ka ji a jikinka. Na ce ai gyaran ba wuya. Wani dare na kwance su gaba ɗaya, sai ga jaki, ɗan katakon nan da ke ɗaga tsirkiyoyi a kan fuskar mandolin, ya faɗo kan tabarma. Ashe ba manna shi ake yi ba, tsirkiya ce kawai ke danne shi, kamar na goge.

Na mayar da shi da ido. Tsirkiya a sake tana fita daidai, amma da na hau wuya sai sautin ya karkace. Wata biyu ina zargin kunnena. Abin da ban sani ba, ƙanena, shi ne gaɓa ta 12, wato ƙarfe na 12 cikin 'yan ƙarafan da ke gicciye a wuya, ita ce tsakiyar tsirkiya, wadda tsawonta ya kai wajen santimita 35. Ka kaɗa ta a sake, ka sake kaɗawa a gaɓa ta 12, ka duba manhajar saita sauti a wayarka. In sautin ya haura, ja jakin baya wajen wutsiya, inda ake maƙala tsirkiyoyi a ƙasa. In ya gaza, matso da shi wajen wuya. Da kaɗan-kaɗan fa. Yanzu bibbiyu nake sauya tsirkiya, jaki na nan inda yake.

Tsayin kuwa, yawancin mandolin masu ƙirar Amurka suna da 'yan ƙafafu biyu a jikin jaki da ake murzawa. Sassauta tsirkiya tukuna. Ni na murza a ɗame da filaya, na cinye haƙoran ɗaya. Ka nemi tazarar wajen milimita 1.5 tsakanin tsirkiya mai kauri da ƙarfen gaɓa ta 12, siririyar kuma ƙasa da haka kaɗan. In ka fi dukan sa da ƙarfi, ƙara masa.

Babbar ɓarnar da na yi a kan ɗan ƙashin nan ne na bakin wuya, inda tsirkiyoyi ke kwanciya cikin tsagi. Na ɗauki reza ina zurfafa tsagin, ba awo ba komai. Ɗaya ya zarce, tsirkiyar ta kwanta kan ƙarfen farko tana zuzzz kamar ƙuda a kwalba. Na kai wa wani dattijo mai gyaran jita a Sabon Gari. Ya juya shi, ya dube ni, ya ce, "Ɗana, jaki ana ɗagawa a sauke, amma abin da ka kankare a nan ya tafi." Sai da ya fiƙe sabo da ƙashin saniya. Shi ya nuna mini: danna gaɓa ta 3, ka leƙa ta farko. In takarda na shiga da ƙyar tsakanin tsirkiya da ƙarfen, ƙyale shi.

Sai kuma hunturu. Katako kan bushe, fuskar mandolin ta ɗan lotsa, tsirkiya ta sauka ta fara zuzu. Shekarar farko na zaci wuyan ne ya lanƙwashe, har na ɗauko makulli zan murɗa sandar ƙarfen da ke cikinsa. Allah ya sa makullin bai shiga ba. Rabin murzawa a ƙafafun jaki ya raba gardama, da damina ta sauka kuma na mayar da su.