Ɗauke wuta daban, kashe layi daban: wasiƙa daga Ingila

Assalamu alaikum, 'yan uwana na gida.

Ina gaishe ku daga Ingila, inda nake aikin gyaran manyan layukan wutar lantarki. Labarin da ƙanena ya ba ni ta waya ne ya hana ni barci har na zauna rubuta muku. Wani matashi a unguwarmu ya ga an ɗauke wuta tun safe, sai ya jingina tsani ya hau falwaya zai ɗaure wayar da ta saki. Wuta ta buge shi, ya faɗo, ko shurawa bai yi ba. Allah ya jiƙansa, ya ba iyayensa haƙuri. Daga baya aka gane cewa ba kamfani ne ya dawo da wutar ba, janaretan wani gida ne.

A nan, abin da aka fara cusa mini a kai shi ne: duk layin da ba a haɗa shi da ƙasa ta hanyar waya ba, mai rai ne, wato a ɗauka akwai wuta a jikinsa, ko da gari ya yi duhu ɗulum. Dokar aikin lantarki ta ƙasar nan, wadda aka yi a 1989, ta hana a taɓa waya mai wuta sai in babu makawa. Saboda haka kafin mu hau layi mai bolt 11,000 ko 33,000, sai injiniyan ɗakin kula da layuka ya ba da izini, sannan babban jami'in da aka ba wannan amana ya je da ƙafarsa ya raba layin da duk wata hanyar da wuta ke iya biyowa. Kashe makunni kawai bai isa ba. Sai ya buɗe mararrabar, wato na'urar da ke raba layin da wuta, ya sa mata kwaɗo, ya rataya allon gargaɗi. Mukullan kuma a akwati ake kulle su, akwatin da ba ya buɗuwa sai mai jagorantar aikin ya dawo da nasa mukullin.

Bayan haka a gwada layin da sandar gwaji. Ita ma sandar sai an tabbatar tana aiki kafin gwajin da kuma bayansa, domin sandar da ta lalace shiru za ta yi, shirun nan kuwa shi ke kashe mutum.

Inda nake so mu daɗe shi ne maganar wayar ƙasa. Wata kakkaurar waya ce, a fara maƙala ta a ƙasa, sannan a kai ɗaya bakin kan layin. Wajen cirewa kuma a fara da na layin. Ranar farko na ɗauka ɓata lokaci ne, tunda an riga an kulle komai. Ashe layin da aka kashe yana iya tsotsar wuta daga wani mai rai da ke tafiya kusa da shi, ba tare da sun taɓa juna ba. A dogayen turakun ƙarfe masu ɗauke da layi biyu, ɗaya a kashe, ɗaya na ɗauke da bolt 400,000, abin da mataccen ke tsotsa ya isa ya hallaka mutum. Ga tsawa, ga kuskuren ɗan Adam. In wuta ta ɓullo ta ko'ina, wayar nan ce ke kai ta ƙasa maimakon ta bi ta ƙirjin ma'aikaci. Sai an gama duk wannan ake rubuta takardar izinin aiki, a karanta wa mai jagora, ya sa hannu. Ba a mayar da wuta sai ya dawo da takardar, ya shaida cewa mutanensa duk sun sauko, an kwashe kayan aiki.

Ku da ke da janareta ko sola, maganar ta shafe ku kai tsaye. Taransifoma hanya biyu take aiki. Yadda take sauke 11,000 zuwa wutar gida, haka take ɗaga wutar janaretanku ta mayar da ita dubbai a kan layi, muddin kun haɗa shi da wayar gida ba tare da makunnin canji da ke raba ku da wutar kamfani ba. Kuna ɗaki kuna shan fanka, wani bawan Allah yana can saman falwaya riƙe da wayar.

Don Allah, masu unguwanni da dattawa, ku daina haɗa kuɗi kuna kiran yaron unguwa ya hau gyara. Ku kai ƙorafi ofishin kamfanin raba wuta, ko da za a kwana uku a duhu. Ku kuma abokan sana'ata, kada ku hau layi don kawai wani ya ce muku ta waya "an kashe". Ku ga kwaɗo da idonku, ku gwada, ku maƙala wayar ƙasa a inda kuke hangen ta daga wurin da kuke aiki. In an ce babu ita a mota, ku sauke tsani ku jira a kawo.

Ku gaishe da kowa da kowa.

Naku,
ɗan uwanku ma'aikacin layi a Ingila